Sunan da Tasalla Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

A zamanin da ruwan sha sai an bi shi cikin ƙasa da dagi, an yi wani mahaƙin rijiya a ƙauyen Tsamiyar Kura wanda ya yi ta haƙa har daginsa ya huda rufin wani birnin aljanu. Sunansa Zubairu. Masu jan ƙasa da ke bakin ramin suka ji ƙara kamar an fasa tulu, wani koren haske ya taso ya dallare musu ido, igiya ta yi sako-sako a hannunsu. Da suka jawo ta, ba kowa a ƙarshenta.

Kafin azahar gari ya taru. Abokansa suka leƙa suka yi ta kiran sunansa. Maƙwabta suka kira. Mai gari ya kira da muryar da yake kiran waɗanda awakinsu suka shiga gonar mutane. Matarsa ma ta ajiye kunya ta kira, ko da yake unguwa ta san sunan ba baƙo ba ne a bakinta, ana jin sa ta kan katanga duk ranar da suka yi faɗa. Sai da maƙogwaron kowa ya bushe sannan wata murya ta taso daga ramin, a hankali, kowace kalma da nauyinta.

"Ya ku 'yan Adam, ku daina zubo mana ƙaiƙayi. Mutuminku ya fasa mana rufi. Yana hannunmu yana gyara, kuma ya manta ko shi wane ne. Mai son sa ya sauko ya kira shi a gaban Magajiyarmu, kira ɗaya. In ya waiwayo, naku ne. In bai waiwayo ba, namu ne har abada. Amma ku sani, sunan da kuka gama taunewa ba zai juyo da ko akuya ba."

Mutane suka dubi juna. Daga nan kowa ya tuna yana da aiki a gida.

Mutum ɗaya ce ba ta leƙa ramin ba, ba ta kuma kira ba: Tasalla, uwarsa. Tana zaune can baya a gindin tsamiya, ta ja mayafi har goshi. Zubairu ɗanta ne na fari, kuma tun ranar da aka raɗa masa suna bakinta bai taɓa furta shi ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan". In za ta kira shi sai ta ce "kai". Da ya girma ya kama sana'a sai ta samu sauƙi, ta koma cewa "mai rijiya". Ko wani mai sunan ne ya zo sayen daddawa wurinta, sai dai ta ce masa "mai sunan wancan".

Ƙanenta Jatau ya zo ya tsuguna kusa da ita. Jatau maroƙi ne. A da, in ya yi wa mutum kirari sai mutum ya tuɓe riga ya miƙa masa. Amma ya yi ta zuba kirarin nan a kan kowa, mai hali da marar hali, har ya kai in ya buɗe baki a wajen biki mutane sai su ci gaba da hirarsu kamar kaza ce ke kuka a bayan gida.

Ya ce, "Yaya, kin ji abin da aka ce. Duk garin nan bakinki kaɗai ne bai taɓa sunan nan ba."

"Rufe mini baki, Jatau. A gaban mutane?"

"A ƙarƙashin mutane za ki faɗa, wa zai ji? Na san hanya. Maroƙi ba inda ba ya shiga, har bikin 'yar aljanu na taɓa yi wa roƙo."

Ba ta tambaye shi yaushe ba. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta riƙa tauna masa tuwo tana sa masa a baki, don haka bai taɓa zuwa mata a rai ta bincike shi ba. Ta dai lura da wani ɗan gora da ya rataya a wuya, bakinsa a buɗe, ta ce, "Goran nan ba ruwa a ciki?" Ya ce na dawowa ne. Ta ɗaure ɗamara da mayafinta, aka zura su da igiya, shi a gaba.

Suka bi ta wata kafa a jikin ramin, suka yi ta gangara har suka fito wata ƙasa da ba rana ba wata, sai wani haske irin na hantsi ranar da hadari ya haɗu ya ƙi zuba. A gabansu wani kwari ne cike da tuddan ƙaiƙayi, wasu sun fi kuka tsayi, kuma ƙaiƙayin yana ta zubowa daga sama ba tsayawa.

Jatau ya ce, "Maganganun mutanen sama ne, waɗanda aka faɗa aka faɗa har ba komai a cikinsu. Wancan tudun 'sannu' ne. Wancan 'gobe zan kawo miki'. Wancan 'ai ni da kai ɗaya ne'."

"Wancan fa da ya tokare sama?"

"'Ya haƙuri' ne. Na zaman makoki."

Tasalla ta dube shi da kyau. Ta san shi. Lokacin da mijinta ya rasu an zuba mata shi safe da yamma har ta riƙa jin sa kamar kukan agwagi, kowa ya faɗa, ya ci tuwo, ya kaɗe riga ya tafi.

Jatau ya ratsa ta tsakiyar kwarin, ta bi shi. Ƙaiƙayin ya kama raɗa a kunnenta, sannu, sannu, madalla, sai haƙuri, muryoyi barkatai ba mai su. Ƙafarta ta nutse har gwiwa, sannan har ƙugu. Abin da ya fi ba ta tsoro, ta nemi dalilin zuwanta wurin a cikin kanta ta rasa.

Jatau ya yi ihu, "Yaya, faɗi sunan! In ba ki faɗa ba nan za ki manta shi!"

"Ba zan iya ba."

"To nutse da kunyarki, shi kuma ya mutu bawa!"

Ƙaiƙayi ya kai mata ƙirji. Ta kwance mayafi ta rufe fuska, ko da yake ba suruki ko ɗaya a wurin. Harshenta ya yi nauyi kamar na mai koyon magana. Ta ce, "Zubairu."

Gaba ɗayansa ya taso mata lokaci guda. Ƙamshin kansa yana jariri. Ranar da aka ɗauke shi aka kai shi gidan kakarsa yaye, ita kuwa ta juya baya tana tankaɗe kamar ba nata aka ɗauka ba. Tabon ƙwabrinsa. Yadda da ya girma yakan ajiye mata itace a ƙofar ɗaki ya wuce ba magana. Wata iska ta fito tare da sunan, ta tsaga tuddan nan biyu, ta share hanya fes har ƙarshen kwarin. Tasalla ta durƙushe. A wuyan Jatau ɗan goran ya yi ƙululu kamar an tsiyaya masa mai.

Ya ce, "Kin gani? Tashi mu je."

Suka isa bakin wani kogi baƙi ƙirin, mai gudu ba sauti. Mai fito aljani ne dogo kamar giginya, kunnuwansa kamar faifai, da gemunsa yake ɗaure kwalekwale a jikin turke. Aljanun ƙasar nan ba su ɗaga murya, ba su kuma ɓata magana. Jatau ya ce ta tsaya baya, ba a yi wa manya magana kai tsaye, aikinsa ne ya ji ya isar. Ya matsa ya gaishe shi, aljanin ya sunkuyo ya raɗa wani abu gajere. Jatau ya dawo yana shelar maroƙa.

"An gaishe ki! An ce kwalekwalen nan ba ya tafiya da filafili kaɗai. Kowane tuƙi, sai kin faɗi sunan."

"Abin da ya faɗa bai kai wannan tsawo ba."

"Harshensu ne haka, Yaya. Kalma ɗaya tasu zance ce."

Suka shiga. Mai fito ya tsoma filafili, ta rufe fuska ta faɗa, ruwan ya girgiza har wasu fuskoki farare suka taso daga ƙasa suna kallo. Ya sake tsomawa, ta sake faɗa. Kogin yana da faɗi. Tun ba a kai tsakiya ba ta lura ƙamshin jaririn ya daina zuwa. Can gaba tabon ƙwabri ya ɓace. Daga baya fuskarsa ce kawai ke ɗan giftawa, kamar ta mutumin da aka hango a kasuwa. Fuskokin cikin ruwa suka gaji suka koma. Sai da suka kusa gaɓa ta ankara mayafinta yana kan cinya, kuma ba ta san lokacin da ta sauke shi ba.

Da suka sauka, mai fito ya lanƙwaso daga can sama har gemunsa ya share ƙasa, ya dube ta, ya yi magana yadda za ta ji.

"Ya 'yar Adam, ina fito tun ba a haƙa rijiyar farko ba. Ban taɓa ɗaukar mai ɓarna irinki ba."

Ta ce, "Me yake nufi, Jatau?"

"Yabo ne. Haka suke yabo. Ɗaga ƙafa."

Suka shiga wani kurmi mai ƙaya, a kan kowane reshe tsuntsaye ne jere, jikinsu na hankaka, bakinsu leɓɓan mutane. Duk sun yi shiru, idanunsu a lumshe. Tasalla ta soma tafiya a kan yatsu. Sai Jatau ya yi tuntuɓe, ko ya yi kamar ya yi, ya kwarma, "Wayyo Zubairu!"

Kurmin ya tashi gaba ɗaya. Kowane leɓe ya cafke sunan, daga dama, daga hagu, daga sama, da muryar tsoho, da muryar amarya, da muryar mai talla. Suka sauko suna fyaɗa musu fikafikai a fuska.

Jatau ya ce, "In suka fi ki murya sunan ya zama nasu! Ɗaga murya, Yaya! Kar ki tsaya!"

Ta ɗaga. Tana gudu ƙaya na yagar zanenta, tana kwarma sunan ɗanta na fari kamar mai tallan gyaɗa, tsuntsaye na maida mata, tana maida musu, har ta kasa bambance muryarta da tasu. Da suka fita daga kurmin ta faɗi a kan wani dutse tana haki. Da numfashinta ya dawo, ta faɗi sunan a hankali, don kanta. Ya faɗo kamar tsakuwa a cikin ƙwarya.

Ta sake faɗa. Ta juya shi a baki. Sauti ne kawai, farkonsa a haƙori, ƙarshensa a leɓe.

"Jatau, anya haka sunan yake? Ji nake kamar ban taɓa jin sa ba. Kamar sunan wani ganye."

"Gajiya ce. Yi ta maimaitawa, zai dawo."

Ta yi ta maimaitawa har ƙofar birni. Shi kuwa ya toshe bakin goran da totuwa, ya tallafe shi da hannu biyu, don igiyar ta soma yankar wuyansa.

Birnin an gina shi da shuɗiyar ƙasa, kuma duk girmansa ba hayaniya. A kasuwarsa mai zuma yakan ce "zuma" sau ɗaya, duk wanda ke kusa ya ji zaƙi a harshe. Wata aljana ta wuce su ta ce wa 'yar'uwarta "inuwa", Tasalla ta ji sanyi ya sauka a kafaɗarta. A tsakiyar birnin, can sama, ga huda a rufi, an jingina wani tsani da ba a ganin ƙarshensa. Wani ƙato yana hawa da kwandon laka a ka. Ta gane bayansa tun kafin ya juyo. Da ya juyo ta ga idanunsa kamar na bijimin sa, a buɗe, ba kowa a ciki.

Aka kai su fada. Magajiya tsohuwa ce ƙarama, tana zaune a kan bayan wani kunkuru da ya kai ɗaki girma, an ɗinke leɓɓanta da zaren azurfa. In za ta yi magana sai wata baiwa ta zo ta warware zaren, in ta gama a mayar.

Tasalla ta durƙusa za ta yi gaisuwa, sai Jatau ya riga ta. Ya faɗi ya yi afi, ya ɗaga goran sama.

"Ranki ya daɗe, uwar masu shiru! Ga alkawari na cika. Kalmar da ba a taɓa faɗa ba, an tatse ta tas."

Baiwa ta karɓa ta cire totuwar. Ƙamshin kan jariri ya cika fadar. Aljanu suka lumshe ido suna shaƙa, wasu na hawaye. Tasalla ma ta shaƙa. Ta gane shi sarai, amma daga waje, yadda mutum ke jin ƙamshin miyar maƙwabta.

Ta ce, "Jatau, me ke cikin goran nan?"

Ya kama duban ƙafar kunkuru.

Aka warware zaren. Magajiya ta ce, "Ya 'yar Adam, ku kuna zaton kalma da abin da take nufi abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. A cikin kan kowannenku, kowace kalma tana da rijiyarta. Kunne ya ji sauti, guga ya sauka, ya ɗebo ma'ana. In aka yi ta jefa guga ba hutu, ruwa ya janye, guga ya fito da ƙara kawai. A duniyarku, in an bar rijiyar ta huta ruwan yakan dawo, don ba inda ya tafi. Naki an ɗura shi a gora an kawo mana. Da irinsa muke rayuwa, kuma mun daɗe ba mu ga mai kauri haka ba."

Tasalla ta ce, "Ranki ya daɗe, ai ku kuka ce in faɗa. A kwari, a kogi."

"Kwari yana da hanya ta gefe, ƙanenki ya san ta. Mai fito cewa ya yi ku shiga. Tsuntsaye ba su kula mai shiru. Ba mu nemi komai wurinki ba sai kira ɗaya."

Ta miƙa yatsa cikin wani ɗan kasko da ke gefenta, ta yafuto Jatau, ta ɗiga masa ladan cinikinsa a harshe. Ya haɗiye. Ya miƙe tsaye, ya gyara murya, ya juyo ya dubi 'yar'uwarsa, ya gwada abin da ya saya a kanta.

"Yaya."

Kalmar ta shige ta har ƙashi. Bayanta ya tuna nauyinsa, da zafin kumatunsa a kafaɗarta ranar da zazzaɓi ya kusa kashe shi. Ba ta so ba, amma sai da idonta ya kawo ruwa. Ya ga haka, ya yi murmushi irin na wanda ya sayi wuƙa ya tarar tana da kaifi.

Ta share ido ta ce, "Kai ka nuna masa inda zai haƙa?"

"Na ce masa akwai ruwa a wurin. Akwai kuwa, ai kin ga kogi."

"Ɗan 'yar'uwarka, Jatau."

"Yaya, ke ba ki san yadda abin yake ba. Ka tsaya gaban mutum ka kira ubansa, ka kira kakansa, ka tono masa yaƙin da ba su ma yi ba, shi kuwa yana sakace haƙori yana tambayar na kusa da shi ko an yi ruwa a garinsu. Yara suna kwaikwayona a bayan masallaci. Ke kuwa kin ajiye abu a ciki tun kina yarinya, ba ki ci ba, ba ki ba wani ba. Shi kansa mai sunan bai taɓa jin sa ba. In ban ɗauka ba, da shi za a binne ki."

"Da ka roƙe ni."

"Da kin ba ni?"

Ta kawar da kai.

Ya ce, "To kin gani. Kuma ai ba a hana ki kiranki ba. Ga shi can, gwada." Ya yi wa Magajiya sallama da wani kirari da ya sa kunkurun ya fito da kai, ya juya ya fita. Bai waiwayo ba, sai dai a bakin ƙofa ya tsaya ya gyara hula.

Magajiya ta ce, "Ciniki muka yi da wanda ya kawo, ba mu tambayi inda ya samo ba. Kira ɗaya naki ne. Ki yi yanzu, ko ki yi wani lokaci. Mu ba mu gaggawa."

Tasalla ta dubi tsanin. Ta san in ta buɗe baki yanzu ko kansa ba zai ɗaga ba. Ta ce, "Ranki ya daɗe, ba abin da ya rage?"

"Laka. In ba a taɓa ta ba, wataƙila ta tsattsafo cikin guga ɗaya. Ko a zuci ba za ki faɗa ba. In kin ɗebe wannan kuma, shi ke nan har ki mutu. Abin da muka sha ba ya komawa."

Aka mayar da zaren.

Tasalla ta nemi gindin bango kusa da tsanin ta zauna. Rufe baki bai ba ta wuya ba, ta saba. Wuyar a ciki take. Sunan ya riƙa kaɗawa a kanta shi kaɗai da muryar tsuntsayen nan, sai ta kore shi da duk abin da ta samu. Ta jera kayan miya. Ta bi gidajen Tsamiyar Kura ɗaya bayan ɗaya tana tuna wa ya auri wa, wa ya saki wa. Ta yi wa Jatau Allah ya isa, ta yi, ta yi, har wata rana ta ga ɗan ƙaiƙayi yana zuba a gefen ƙafarta, ta gane wannan ma ta cinye shi. Daga nan ta bar shi ba tsinuwa, ba yafiya.

Ƙasar ba ta da dare, don haka ba ta san tsawon zamanta ba. Ta dai ga zanenta ya mutu a jikinta, ta ga gashin da ke faɗowa a cinyarta ya koma fari. Aljanu sukan ajiye mata 'ya'yan itace su wuce. Shi kuwa yana ta hawa yana sauka da kwandonsa, yana wuce ta kamar turmi. Sau da yawa yakan taka bakin zanenta. Ta yi rayuwarta duka tana kawar da kai in ya shigo gida, don kar a ce tana kallon ɗan fari. Yanzu ba mai cewa komai, sai ta kalle shi. Ta ga yadda yake karkata kafaɗar hagu in kaya ya yi nauyi. Ta ga furfura ta soma fito masa a gemu. Hudar rufin tana ta ƙanƙancewa, kuma ta san ranar da aka liƙe ta za a kai shi wani aikin a inda ba za ta iya bin sa ba. Ta leƙa cikin kanta a hankali, ba tare da ta taɓa sunan ba. Busasshiyar ƙasa.

Hudar ta rage kamar bakin tukunya sa'ad da wani matakin tsanin ya karye a ƙarƙashinsa. Ya faɗo tim a gabanta, kwando ya kife. Ya tashi zaune. Babban yatsansa ya fashe. Ya cusa shi a hammata, ya turo leɓe, ya riƙa waige-waige yana neman wanda zai nuna wa.

Haka ya yi wata rana yana rarrafe, da murfin tukunya ya faɗo masa a hannu. Ranar surukarta na tsakar gida, don haka ta ci gaba da tsintar wake, ya yi ta waige har ya gaji ya yi shiru don kansa.

Ta ji wani ɗan sanyi yana tsattsafowa can ƙasa. Kaɗan ne, bai kai cikin tafin hannu ba. Ta so ta jira ya ƙaru, amma ya riga ya miƙa hannu zai ɗauki kwandonsa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Zubairu."

Kasuwa ta tsaya. Mai zuma ya saki ludayi. Ƙaton nan ya daskare, hannunsa a kan kwando, sannan a hankali ya juyo da kai. Ta ga mutum ya dawo cikin idanun, kamar an shiga ɗaki da fitila.

Ya ce, "Inna?"

Can a fada aka warware zaren, aka ji muryar Magajiya, kalma biyu: "Naku ne."

Aljanu suka ɗauke su suka hau da su, suka tura su ta sauran hudar, suka liƙe ta a bayansu. Suka fito ta tsohon ramin da la'asar. Wata ɗorawa da ba su sani ba ta girma a bakinsa har tana ba da inuwa. Wani makiyayi da ya gan su ya yar da sanda zai gudu, da ƙyar suka tsayar da shi. Shi ya gaya musu an daɗe da yi musu sadaka. Matar Zubairu ta yi aure a wani gari. Jatau kuwa ya koma birni, yana hawa doki, attajirai na layi don ya ambaci sunansu. Kirarin da ya fi yi masa suna shi ne na wata yayarsa da ta shiga ƙasa neman ɗanta, in ya yi shi har maza kuka suke yi.

Tasalla ta ce, "Ai kuwa zai iya."

Suka kama hanyar gari, tana dogara kafaɗarsa. Sun yi 'yar tafiya sai ya tsaya, ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa da yatsan ƙafa.

"Inna, ban taɓa jin kin faɗa ba. Ina yaro nakan laɓe bayan rumbu ko zan ji kin faɗa wa wani." Ya ɗago kai. "Ki ƙara faɗa mini, ko sau ɗaya."

Ta dube shi. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, da furfura a gemu, da shuɗiyar laka har gwiwa. Ta san ɗanta ne, yadda ta san hanyar kasuwa. Ta jefa guga, ta ji ya bugi ƙasa.

Ta ce, "Zubairu."

Ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. "Ƙara, Inna."

Ta ƙara. Duk inda ya roƙa ta faɗa masa, fuskarta a buɗe, har suka shiga gari, mata na leƙowa ta ƙofa suna rufe baki don mamakin rashin kunyar tsohuwa. Shi yana ta kuka don daɗi. Ita kuwa tana faɗa tana tunanin ko rufin ɗakinta ya rushe.